Lab ɗin da suka ƙi karɓar kashin ɗana, kuma can zan sake komawa

Salamu alaikum. Tun satin da ya wuce nake ta cewa zan rubuta wannan abun, sai yau Allah ya nufa yara sun tafi Islamiyya na samu na zauna. In kuna cin abinci ku ajiye wayar ku gama tukunna, don maganar bayan gida ce daga farko har ƙarshe, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Autana ne, shekararsa 6. Mun je biki Ɗorayi nan cikin Kano cikin daminar nan, kun san yara a gidan biki ba mai iya tsare su, ya sha zoɓon ƙulli ya sha kunun aya ya ci awara a bakin layi, ni ina can ciki ana ta hidima. Bayan kwana 2 gudawa ta fara, da fari ruwa-ruwa irin wadda kowace uwa ta saba gani, ban ma ɗaga hankalina ba na haɗa masa ruwan gishiri da suga. Washegari sai abun ya canza kama. Ba ta da yawa kuma, ɗan kaɗan-kaɗan ne yake fita amma sai majina da ɗigon jini a ciki, yaro ya zauna a kan fo yana ta nishi yana riƙe ciki yana kuka, ya tashi minti goma bai cika ba ya sake komawa, ga jiki zafi rau. Na ƙirga a ranar ya zaga ya fi sau 12 kafin na daina ƙirgawa.

Hajiya surukata tace atini ne a jiƙa masa bagaruwa, maƙociyata tace basir ne, Abbansu kuma bai ce da kowa komai ba ya zari mukullin mashin ya tafi kemis, ya dawo da Flagyl da wani ɗan kafso da akace yana tsayar da gudawa nan take. Aka bashi.

To akwai wani ɗan lab a bayan layinmu, shago ɗaya ne an raba shi biyu da labule. Ba zan faɗi suna ba, ba kuma don ina jin tsoro ba, don irinsa suna da yawa a garin nan in na kama sunan ɗaya kamar na wanke sauran ne. Na kai musu kashin da yaron ya yi tun daren jiya, na kwaso daga fo wanda har fitsari akwai a ciki, na zuba a robar man shafawa da na ɗauraye. Wallahi ko tambaya ɗaya ba a yi min ba. Aka karɓa, akace a kawo yaron ma a ɗebi jini, na biya N2,500 duka, minti 20 bai cika ba ga takarda. Amiba, wata ƙwayar cutar hanji, a kashi, taifod a jini. Akace a ci gaba da Flagyl a ƙara da wani na taifod. Na tafi ina murna ina cewa kai waɗannan akwai sauri, ashe sauri ne zai haifi nawa.

Maganin taifod ɗin Allah ya taimake ni ban saya ba don kuɗin hannuna sun ƙare. Aka ƙara kwana 2 kan Flagyl ba abun da ya ragu, sai ma ciki da ya ɗan kumbura yaro ya daina cin komai idonsa ya faɗa. Nan ne muka kai shi wajen likita. Yana jin an bashi kafson tsayar da gudawa ya ɗago ya kalli Abbansu yace Alhaji don Allah kar a sake, gudawar da akwai jini da zazzaɓi ba a ɗaure ta, in aka hana hanji motsi cutar ce ake kullewa a ciki, balle ƙaramin yaro. Ya duba takardar lab ɗin farko ya ajiye gefe bai ce komai a kanta ba, shirun ma ya isa. Sai ya rubuta mana wata takarda yace mu je wani lab a wajen Zoo Road a duba kashin a madubin likita sannan a yi kalca, wato a shuka shi a ga ƙwayar cutar da za ta tsiro, yace mu je yau ɗin nan kafin ya fara masa wani magani.

Wani abun dariya, na tura wa yayana saƙo a WhatsApp nace Yaya an rubuta wa auta gwajin kashi ka taimaka min da wani abu, sai ga kira hankali a tashe wai faɗuwa ya yi? ina ne ya karye? Da yake mun saba rubutu ba lanƙwasa shi ƙashi ya karanta. Sai da nace Yaya na bayan gida fa, yayi tsaki yace ke dai Allah ya shirye ki, ya turo dubu biyar.

Yanzu ga maganar lab ɗin kansa, wanda shi ne dalilin rubutun.

Wajen a tsaftace yake ba laifi, akwai kujerun zama da fanka, wuta kuma sola suke amfani da ita don har muka bar wajen ba a kawo ta NEPA ba amma ba abun da ya tsaya. A bango na ga takardar rajistarsu ta hukumar MLSCN, wato hukumar da ke kula da dakunan gwaji da ma'aikatansu a Najeriya, abun da ban taɓa tunanin dubawa ba a rayuwata sai da likitan ya ce min in dinga dubawa. A na bayan layinmu kalandar kamfanin magani ce kawai a bango.

Da na zo ni a tunanina na yi wayo, na taho da kashin da ya yi da asuba a cikin leda, lokacin kuma ƙarfe 11 ta wuce. Yarinyar da ke zaune a kanta tana karɓar mutane ta karɓi takarda, sai ta ɗaga murya ta kira ta ciki, wai ga mai kashi nan ta zo da nata daga gida. Jama'a cike a wajen har da maza. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wannan shi ne laifinsu na farko kuma har yanzu yana raina, me zai hana a yi magana a hankali ko a nuna takarda kawai.

Sai wata ta fito daga ciki, farar riga a kan hijabi da safar hannu, ba za ta wuce shekara talatin ba. Ta ja ni gefe tace Anti sannu, ya mai jiki, ƙarfe nawa ya yi wannan? Nace da asuba. Tace daga ina aka kwasa? Nace fo. Tace akwai fitsari a ciki? Nace to yaro ne ai. Tace wane magani ya sha? Na lissafa mata ta rubuta a bayan takardar. Sai tace Anti kiyi haƙuri ba zan karɓi wannan ba.

Raina ya ɓaci sosai. Na taho tun daga Na'ibawa a adaidaita da yaro mara lafiya, ga gosulo a Dangi, sannan a ce ba za a karɓa ba. Nace Malama wancan lab ɗin na kwana ma suka karɓa. Ta yi ɗan murmushi tace in na karɓa kuɗinki kawai zan ci, takarda zan baki amma ba gaskiyar abun da ke cikin yaron ba. Ta miƙo min wata ƙaramar roba mai murfi da ɗan cokali a jikin murfin, tace tunda yana yawan zagawa ku zauna nan, da ya ji ya taho ki kai shi bayi, ya fara yin fitsari daban, sannan ki tara a leda mai tsafta, ki ɗebo daidai wajen da majina da jinin suke, kamar cikin ƙaramin cokali ya isa ba sai an cika roba ba, ki kawo min da ɗuminsa.

Laifi na biyu, bayin. Guda ɗaya ne na maza da mata, ba fo na yara, ba sabulu a ranar sai da na roƙa aka miƙo min. Wajen da sana'arsu kenan karɓar fitsari da kashi ya kamata a ce bayinsu ya fi ko'ina kyau. Na faɗa musu kuma kafin na tafi.

Ba mu yi minti 15 ba yaro yace Umma zan yi. Na yi yadda tace na kai mata. Da yake mutane sun ragu, ta ga kuma har lokacin fuskata ba daɗi, sai tace in tsaya daga bakin ƙofa in ga yadda ake yi. Ta ɗauki ɗan tsinke ta lakato majinar, ta ɗiga ruwan gishiri a kan wani siririn gilashi ta gauraya, gefe guda kuma ta ɗiga aidin, a wani gilashin ta sa wani shuɗin ruwa kamar bula, ta rufe da wani ɗan gilashin ta tura ƙarƙashin madubi. Tana yi tana min bayani, kuma wallahi bayanin nan ya fi min sakamakon amfani, shi yasa zan faɗe shi yadda na fahimta.

Tace gudawar da ƙwayar cuta ke kawowa kusan gida biyu ce. Akwai wadda cutar ba ta huda hanji, tana zaune a ƙaramin hanji ne ta sa shi ya dinga tsiyayar da ruwa, ita ce mai yawa tsululu ba jini, kamar kwalara wadda kashinta yake kamar ruwan da aka wanke shinkafa, ko rota ta ƙananan yara wadda yanzu ake musu rigakafinta a asibiti tun 2022. Irin wannan abun tsoronta ƙarewar ruwan jiki ne, a madubi kuma yawanci ba ka ganin komai na ciwo. Sai ta biyun, wadda cutar take shiga cikin bangon babban hanji ta yi masa gyambo ya kumbura, jiki ya turo sojojinsa wato fararen ƙwayoyin jini su zo faɗa, waɗanda suka zubo cikin kashin su ne ake kira fos sel, ƙwayoyin mugunya kenan a Hausance. Ita ce mai nishi da majina da jini da zazzaɓi, atinin da Hajiya ta faɗa, ashe tsohuwa ta canka maganin ne dai ba ta canka ba. To abu na farko da madubi zai faɗa wa likita shi ne wane gida ake ciki, hanjin nan ya kumbura ko bai kumbura ba, don mafi yawan gudawar ruwa ba ta buƙatar antibayotik sam, mu ne dai muke ɗirka wa yara.

Shuɗin ruwan nan shi yake rina fos sel ɗin su fito sosai a ƙirga. Ta ce in leƙa. Ni dai wasu ɗigo-ɗigo na gani birjik kamar an watsa gero a tabarma, tace to duk su ne, ga kuma jajayen ƙwayoyin jini a tsakaninsu.

Sai na tambaye ta to me ya hana ki duba na asuban. Tace abu uku. Fos sel ba sa jure zama, in kashi ya daɗe a ajiye fashewa suke su narke, sai ka duba ka ce babu alhali da akwai. Amiba kuma, mai cutarwar ana gane ta ne tana raye tana motsi ta haɗiyi jajayen ƙwayoyin jini a cikinta, da kashin ya huce take daina motsi ta dunƙule, shi yasa in kashin ruwa ne ake so a duba cikin kamar minti 30, kuma ba a sa shi a firij in ita ake nema. Na ukun, wasu bakteriyar musamman shigela saurin mutuwa suke a kashin da aka ajiye, in an wuce awa 2 ba a shuka ba kuma ba a sa a ruwan da ke riƙe su ba to kalcar na iya fitowa wayam. Fitsari da ruwa da ƙasa duk suna ɓata shi, famfas kuma shanye ruwan yake ya bar maka abun da ba amfani, tace in jariri ne a shimfiɗa leda mai tsafta a cikin famfas ɗin.

Nan na gane abun da aka yi min a bayan layi. Kashin kwana, da fitsari, a robar man shafawa, me aka gani a ciki har aka rubuta amiba? Da na nuna mata takardar ba ta zagi kowa ba, na yaba mata da wannan. Cewa kawai ta yi akwai amiba iri biyu da ƙwansu yake kama sak a madubi, ɗaya mai cutarwa ɗaya kuma zama kawai take a hanjin mutane da yawa ba ta komai, ido ba ya iya raba su, kuma wanda bai ƙware ba yana iya ganin fos sel ya ɗauka ƙwan amiba ne. Ta ƙara da cewa ita amiba in ita ce ta kawo atini sau da yawa fos sel ba sa yin yawa haka don tana kashe su, yawan da ta gani a na yarona ya fi kama da na bakteriya. Amma ta faɗa min gaskiya cewa tunda ya sha Flagyl kwana da kwanaki, rashin ganin amiba yau ba hujja ce mai ƙarfi ba, maganin zai iya ɓoye ta. Na taifod kuwa, gwajin Widal ɗin nan da ake mana a ko'ina, tace shi kaɗai a yi sau ɗaya ba ya tabbatar da komai a gari irin namu da kusan kowa jininsa ya taɓa haɗuwa da cutar, kalcar jini ce ke tabbatarwa.

Abun da ya ƙara burge ni, ba ta cika baki da gwajin nata ba. Tace ganin fos sel yana nuna akwai kumburi ne kawai, ba ya faɗin sunan cutar, shigela ce ko salmonela ko kamfilobakta duk haka za su nuna, har ma ciwon kumburin hanji na dindindin wanda ba ƙwayar cuta ce ta kawo shi ba. Rashin ganinsu kuma ba ya nufin lafiya lau. Ta ba ni misali da wata irin bakteriya mai suna ikolai da ke sa kashin jini sosai amma fos sel kaɗan, wadda in aka yi gaggawar ba yaro antibayotik tana iya taɓa masa ƙoda. Shi yasa tace Anti ni ba zan rubuta miki magani ba, ba aikina bane, ki mayar wa likita. A ɗaya wajen kuwa wanda ya ɗebi jinin shi ya duba shi ya rubuta magani, saura kaɗan ya sayar min.

Da yake ina zaune ina jira na yi ta danne-danne a waya na ga wasu gwaje-gwaje biyu da ake yi don gane kumburin hanji, laktoferin da kalfrotektin, sai nace mata ko a yi masa su ma tunda an zo, uwa in hankalinta ya tashi ko me akace saya za ta yi. Tace dukkansu sinadarai ne da ke cikin fararen ƙwayoyin jinin nan, ko ƙwayoyin sun fashe su suna nan a kashin, shi ne fifikonsu a kan madubi, kalfrotektin ma yana iya kwanaki bai lalace ba. Laktoferin matsalarsa akwai shi a nonon uwa, in jariri mai shan nono ne zai iya nuna akwai kumburi alhali nonon da ya sha ne. Kalfrotektin kuma a manya ana ɗaukar ƙasa da 50 a matsayin lafiya, amma ƙananan yara nasu dama yana sama ko suna lafiya, magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ma suna ɗaga shi. Tace an fi amfani da shi ga wanda ya yi makonni ko watanni yana fama da ciki ana so a gane kumburi ne na gaske ko a'a. Su ba sa yi a nan, aikawa suke, yana ɗaukar kwanaki kuma kuɗinsa ya ninka na kalca sau da yawa. Sai tace yaron da ga jini ga majina ido na gani, ga fos sel cike da madubi, me kalfrotektin zai faɗa miki wanda ba ki sani ba? Ki riƙe kuɗinki ki saya masa magani. Ku faɗa min lab nawa ne a garin nan za ka ce ga kuɗi a yi maka gwaji su ce ka bari.

Na biya N6,500 na madubi da kalca, a lokacin kenan, kun san farashi yanzu ba ya kwana biyu a waje ɗaya. POS ɗinsu ya ƙi yi sai da na fita waje na ciro na ƙara biyan caji, wannan na uku kenan amma ƙarami ne. Sakamakon madubi cikin awa ɗaya aka bani, an buga shi da kwamfuta da sa hannu da hatimi, an rubuta har kalar kashin da cewa akwai majina da jini, fos sel da yawa, jajayen ƙwayoyin jini akwai, ba ƙwan tsutsa ba amiba. Kalca akace sai bayan kwana 3, don shuka ce ta gaske, a wani faranti ake shafa shi mai abincin ƙwayoyin cuta a sa a na'ura mai ɗumin jikin mutum a jira su tsiro, in sun tsiro a tantance wace ce, sannan a jera mata ƙananan takardu masu magani kala-kala a ga wanne ne ya hana ta yaɗuwa. Ba yadda za a yi wannan ya fito a minti 20, duk wanda ya baku kalca a rana ɗaya ku san abun da ya baku.

Likita da ya ga sakamakon madubin bai jira kalca ba, ya tsayar da Flagyl ya fara masa wani antibayotik mai suna cipro daidai nauyinsa, yace a ci gaba da ORS, wato ruwan gishiri da suga na leda, bayan kowace zagawa, a haɗa yadda aka rubuta a jikin ledar kar a yi ƙiyasi, wanda ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo, kuma kar a hana shi abinci ko da loma biyu ce. Kafin kwana 2 zazzaɓi ya sauka jinin ya ɗauke, yaro ya fara neman taliya da manja.

Ran da zan karɓi kalcar ne suka ƙara ɓata min rai. An ce min ƙarfe 12, na je akace ba a sa hannu ba mai sa hannun ya fita, na zauna har bayan la'asar. Lambata tana wajensu, kira ɗaya ko saƙo ya isa ya hutar da ni kuɗin adaidaita da zaman banza. Da na yi ƙorafi akace za a iya turo min ta WhatsApp, to me yasa ba a faɗa min tun farko ba.

Sakamako dai ya fito, shigela ce. An jera magunguna a ƙasa, septrin ba ya mata komai, ampicillin ba ya mata komai, cipro yana kashe ta. Flagyl dama ba a ma sa shi a layin ba don ba maganinta bane ko kaɗan, wato kwana huɗun nan da muka yi muna ɗura wa yaro abu mai ɗaci yana amai muna danne shi, a banza. Na je na karanta a kanta, ashe sunan wani likitan Japan aka sa mata wanda ya gano ta a 1897, sunansa Shiga. Na yi dariya ni kaɗai nace suna ya bi jiki, ai shiga take yi. Kuma ba ta buƙatar yawa, ƙwaya 10 zuwa 100 sun isa su kwantar da mutum, abun da ko a ƙarƙashin farce zai ɓuya, shi yasa take bin gida ɗaya bayan ɗaya ta hannu da ƙuda da buta. Da na ji haka na ware masa fo ɗinsa ina wanke shi da bilic, na ajiye sabulu a bakin bayi na kafa wa yayyensa doka, Alhamdulillahi ba wanda ya ɗauka.

In za a ce in basu maki zan basu 4 cikin 5. Ɗayan na cire shi ne saboda bayi da yarinyar kanta da zaman da na sha. Aikin cikin ɗakin kuwa ban ga abun kushewa ba, kuma ita wannan Malamar da ta ƙi karɓar ledata Allah ya saka mata da alheri, ita ce lab ɗin a wajena. In ta bar wajen ban sani ba ko zan ba su 4 ɗin.

Wanda zai je irin wannan gwajin, ku fara zuwa ku karɓi robar kafin komai, ko ku tafi da mara lafiyar can ya yi a wajen in zai iya. Ku faɗi duk abun da aka sha har jiƙo da sassaƙe kar ku ji kunya. In da hali a kai kafin a fara antibayotik. Amma fa in amai da gudawa ne irin mai zuba kamar famfo, mutum ya fara shiɗewa ko ido ya zurma ko fitsari ya ɗauke, wannan ba maganar lab bace, asibiti za a nufa kai tsaye ana bashi ORS a hanya, yara ga Hasiya Bayero, ga Murtala ga asibitin Malam Aminu Kano, in ana zargin kwalara ga asibitin Zana, gwaji ya biyo baya.

Hajiya har yau tana nan a kan bakanta wai bagaruwar da ta jiƙa a ɓoye ta bashi cokali biyu ita ce ta yi aiki, na nuna mata takardar kalca tace ita ba ta karatun boko. Abbansu kuma ya kwashe sauran kafson nan ya zuba a shara da kansa ba wanda ya sa shi. Auta ya koma makaranta ranar Litinin, jiya ma na kama shi a ƙofar gida da ƙullin zoɓo a hannu.